Shinde Chhatri a Pune: gini na gani na faɗa, amma ka zo da tarihinka a ka

Wanda karatu, jinya ko kasuwanci ya kai shi birnin Pune na jihar Maharashtra a Indiya, kuma yana sha'awar tarihin sarauta da yaƙi, ya ware wa Shinde Chhatri sa'a ɗaya da rabi, ba zai yi da-na-sani ba. Sai dai ya san abin da zai tarar. Wurin na gidan sarautar Gwalior ne, wani birni a tsakiyar Indiya, sun gina shi don girmama kakansu Mahadji Shinde, kuma har gobe ana bauta a cikinsa. Gini akwai, tsabta akwai, natsuwa akwai. Abin da ya yi ƙaranci shi ne bayani. Mutum zai iya zagaya harabar kaf ya fita bai san cewa wanda aka ƙona gawarsa a nan ya taɓa riƙe Delhi da sarkinta a tafin hannu ba.

Wurin yana unguwar Wanowrie, kudu maso gabashin birnin, kimanin kilomita 6 daga babbar tashar jirgin ƙasa ta Pune, ba nisa da kwalejin likitancin sojoji ta AFMC. Ana rubuta sunan unguwar iri-iri, Wanowrie, Wanwadi ko Wanawadi, haka ma sunan gidan, Shinde, Scindia ko Sindhia, duk abu ɗaya ne. Idan za ka kira mota ta Uber ko Ola, rubuta Shinde Chhatri kai tsaye ya fi sauƙi. Idan adaidaita sahu za ka tare a titi, ka tabbata direba ya kunna mita kafin ya ja, don baƙon da ya yarda da ciniki da baki shi ke biyan ninki. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba, ko da yake ɗan ƙasar waje yana biyan fiye da ɗan gida. Ka riƙe ƙananan takardun rupi. Biyan kuɗi ta waya ya mamaye Indiya, amma wanda ba shi da asusun banki a can ba ya cin moriyarsa cikin sauƙi, mai karɓar kuɗi kuma ba kullum yake da canjin rupi 500 ba.

Doguwar katanga ce ta kewaye harabar, da babbar ƙofa ɗaya. Kana shiga za ka ga ginin a tsakiyar fili, gabansa zaure ne na dutse rawaya, bayansa kuma ɗakin bautar Shiva, ɗaya daga cikin allolin Hindu, mai tsini wanda gindinsa baƙin dutse ne. Ɗakin bautar shi ne tsoho, Mahadji da kansa ya sa aka gina shi a 1794, shekarar da ya mutu. Zauren da sauran ƙawar zuriyarsa ce ta ƙara a ƙarni na 20, shi ya sa salon ya cakuɗe: sassaƙar Rajasthan a waje, kwalliyar Turawa a ciki. A bakin rufin an jera gumakan waliyyan Hindu, kowane da zamansa da yanayin fuskarsa. Ka ja baya zuwa jikin katanga ka ɗaga kai, daga nan suke fitowa da kyau. Daga gindin ginin wuyanka kawai zai yi ciwo.

Cikin zauren ya fi komai kyau. Daɓen marmara ne fari da baƙi, ginshiƙai masu ado sun ɗauki bene mai zagaye, tagogi kuma na gilashi ne mai launi-launi, ja, kore, shuɗi da rawaya. Da hantsi, idan rana ta bugi tagogin gabas, launukan sukan zubo a kan daɓen har su hau ƙafafun masu wucewa. Da tsakar rana wannan duk ya tafi, zauren ya koma dishi-dishi. Saboda haka lokacin zuwa shi ne tsakanin ƙarfe 8 da 10 na safe. A jikin bango an rataye hotunan sarakunan gidan da iyalansu, na zane da na kyamara. Akwai kuma siffar Mahadji ta azurfa, an naɗa mata rawani mai launin garwashi an yafa mata mayafi, da kwanukan ibadarsa a ajiye a gabanta. Kafin ka ɗaga waya don ɗaukar hoto a ciki, tambayi mai gadi.

Dokoki biyu ne ke kama baƙo. Ta farko cire takalmi, kuma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Pune ke kusantar digiri 40, dutsen tsakar gidan yana ƙuna, don haka ka zo da safa. Ta biyu, ba a buɗe laima a cikin harabar ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan: a gaban sarki laima ta sarki ce. Wanda zai je tsakanin Yuni da Satumba ya sa rigar ruwa.

To, ga abin da bangon ba zai gaya maka ba, kuma sai da shi ziyarar take da ma'ana.

An haifi Mahadji a 1730. Ubansa Ranoji Shinde ɗan gidan dagatai ne daga Kanherkhed a yankin Satara, ya yi aiki a ƙarƙashin Peshwa Baji Rao na ɗaya, wato wazirin da ya zama shi ne mai juya daular Maratha ta yammacin Indiya, har ya samu rabo a Malwa ya kafa zama a Ujjain. Mahadji ƙarami ne a cikin 'ya'yan Ranoji, ba wanda ya yi zaton sarauta za ta zo kansa. Yaƙi ne ya share masa hanya ta mummunar fuska. An kashe wansa Jayappa a Nagaur a 1755. An kashe wani wan nasa, Dattaji, a mashigar Burari kusa da Delhi a Janairun 1760. Ranar 14 ga Janairun 1761, a Panipat, rundunar Ahmad Shah Durrani ta Afganistan ta yi wa Maratha kaca-kaca, ɗan wansa Jankoji da ke shugabancin gidan aka kama shi aka kashe. Mahadji ya tsere a kan doki, wani barden Afganistan ya cim masa ya sare shi a ƙafa ya bar shi a yashe. Wani Musulmi mai ɗibar wa sojoji ruwa a salka, Rana Khan, shi ya ɗora shi a kan takarkarinsa ya fitar da shi. Mahadji ya rayu da ɗingishi har ƙarshen ransa, Rana Khan kuwa ya zama ɗan'uwa a bakinsa, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan kwamandojinsa. Siffar azurfar nan ba ta nuna ƙafar.

Sai a 1768 aka tabbatar masa da shugabancin gidan Shinde. Shekara 3 bayan haka rundunar Maratha ta sake kama Delhi, kuma a Janairun 1772 Mahadji ya rako Shah Alam na biyu, sarkin Mughal, wato gidan sarautar Musulmi na Delhi, da ya daɗe yana zaman Allahabad a inuwar Turawan Ingila, ya mayar da shi kan gadonsa. Daga nan dabarar rayuwarsa ta fito fili. Bai nemi ya zama sarkin sarakuna ba. Ya fahimci cewa hatimin Mughal, duk da ba sojoji a bayansa, shi ne ke halatta karɓar haraji a arewacin Indiya, don haka wanda ya riƙe mai hatimin ya riƙe ƙasar.

Abin da ya janye shi kudu rikicin gidan Peshwa ne. Peshwa Madhavrao ya mutu a 1772, aka kashe ƙaninsa Narayanrao a fadar Shaniwar Wada a Agustan 1773, aka zargi baffansu Raghunathrao da hannu a ciki. Manyan fada, Nana Fadnavis a gaba, suka naɗa jaririn da matar mamacin ta haifa, Raghunathrao kuma ya gudu wurin Kamfanin Ingila, wato kamfanin kasuwancin Turawa mai sojojinsa, ya sa hannu da reshensa na Bombay a yarjejeniyar Surat a 1775. Ƙarshen 1778 Turawa suka taso da mutum kusan 4,000 da dubban shanun dako, suka haura tsaunin Bhor Ghat da nufin ɗora shi a Pune. Yadda Mahadji da Tukoji Holkar, wani babban kwamandan Maratha, suka yi da su darasi ne. Ba su tare su gaba da gaba a bakin igwa ba. Sun bar su suna hawowa a hankali, mahaya suna tsinke masu hanyar abinci ta baya, ana ƙone ciyawa da rumbuna ta gaba. Ranar 9 ga Janairun 1779 Turawa suka iso Talegaon suka tarar da toka. Bayan kwana 2 suka zuba manyan igwoginsu a tafki suka juya da dare, aka rutsa da su a Vadgaon, suka sa hannu a kan za su mayar da duk abin da suka ci tun 1773, suka bar mutum 2 jingina.

Masu rakiyar baƙi suna son tsayawa a nan, don labarin yana da daɗi. Amma abin da ya biyo baya ya fi nuna irin mutumin. Gwamna Janar na Kamfanin, Warren Hastings, ya yi fatali da yarjejeniyar, ya ce waɗanda suka sa hannu ba su da hurumi. A Agustan 1780 Kyaftin Popham ya haura ganuwar Gwalior da dare ya kama ta, a 1781 kuma wata rundunar ta shiga ƙasar Mahadji ta kai masa harin dare. Ya lissafa ya ga yaƙin a gonarsa ake yi, riba kuma ta Pune ce. Sai ya yi sulhu nasa shi kaɗai, sannan ya shiga tsakani aka ƙulla yarjejeniyar Salbai ranar 17 ga Mayun 1782. Turawa suka riƙe tsibirin Salsette, suka janye wa Raghunathrao goyon baya aka yanka masa fansho, aka ba Mahadji Broach, kuma shi aka sa ya tsaya wa ɓangarorin biyu. Bawan Peshwa ya zama mai lamuni a kan ubangidansa. Wasu suna kiran wannan son kai, kuma akwai ƙamshin gaskiya, amma shekara 20 na zaman lafiya da Turawa da ya sayo su ne suka ba shi damar komawa arewa.

Ya karɓe Gwalior daga Rana na Gohad a 1783. Ƙarshen 1784 Shah Alam ya naɗa shi Wakil-i-Mutlaq, cikakken wakilin sarki a kan mulki da soja. A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ake yawan ji a wurin: Gwalior ba ita ce hedikwatarsa ba. Ujjain ce, shi kuma yawancin shekarunsa na arewa a sansani ya yi su, musamman a Mathura. Magajinsa ne ya mayar da zama Gwalior wajen 1810.

Yaƙi da Turawa ya nuna masa cewa barade, komai yawansu, ba sa fasa dakarun ƙasa masu horo da igwa a gefensu. A 1784 ya ɗauki Benoît de Boigne, mutumin Chambéry a Savoy, ya kafa masa bataliya 2. Gwajin farko mai tsanani bai yi kyau ba. A Lalsot, Yulin 1787, ya fuskanci sarakunan Jaipur da Jodhpur da aljihu wayam. Muhammad Beg Hamdani, wani kwamandan da ke ɓangarensa, ya sauya sheƙa da sojojin Mughal, abinci ya yi tsada a sansani, bayan artabun kuma dakarun da suka yi watanni ba albashi suka tsallaka wurin abokan gaba da igwoginsu. Dole ya ja da baya har ƙetaren kogin Chambal. A cikin wannan giɓin ne Ghulam Qadir na Rohilla ya shiga fadar Delhi, ya wulakanta iyalan sarki yana neman dukiya, ya ƙwaƙule idanun Shah Alam ranar 10 ga Agustan 1788. Sojojin Mahadji, Rana Khan a cikin jagororinsu, suka sake kama Delhi a Oktoba, aka kamo Ghulam Qadir, aka kashe shi a 1789 bayan an yi masa gunduwa-gunduwa. Ba kisan tausayi ba ne, kuma babu amfanin a yi masa kwaskwarima.

Gyaran da ya yi bayan Lalsot shi ne mafi muhimmancin abin da ya yi a harkar soja, kuma gyaran kuɗi ne kafin ya zama na makami. Ya ware wa de Boigne gundumomi a tsakanin kogunan Ganga da Yamuna, hedikwata a Koil, wato Aligarh ta yau, harajinsu yana tafiya kai tsaye ga albashin runduna ba tare da ya bi ta hannun 'yan fada ba. Aka kafa maƙerar igwa da bindiga a Agra a ƙarƙashin wani ɗan Sikotilan, Sangster. Kowace bataliya tana tafiya da igwoginta. Sakamakon bai ɗauki lokaci ba: Patan ranar 20 ga Yunin 1790, Merta ranar 10 ga Satumbar wannan shekarar, inda baraden Rathor na Jodhpur suka afka wa sahun dakarun aka zubar da su da harsashin igwa, sai Lakheri a Yunin 1793, inda wanda ya kara da shi ɗan Maratha ne kamarsa, Tukoji Holkar, wanda suka yi Vadgaon tare. Zuwa lokacin rundunar ta haura mutum 20,000 da igwa fiye da 100.

Me ya kawo shi Wanowrie? A Yunin 1792 ya iso Pune ɗauke da tufafin girma da takardar naɗi daga Shah Alam zuwa ga matashin Peshwa, Sawai Madhavrao. Ana ba da labarin cewa ya sauka daga giwa tun daga nesa, ya zauna a ƙasan kowa, ya fito da takalman Peshwa a naɗe yana cewa wannan ne aikin ubansa. Nana Fadnavis bai ruɗu ba. Mahadji ya zo ne neman a biya shi kuɗin yaƙe-yaƙen arewa, a kuma ba shi murya a fada, aka yi ta jan ƙafa da lissafi wata da watanni. Sansaninsa a nan Wanowrie yake. Zazzaɓi ya kama shi, ya mutu ranar 12 ga Fabrairun 1794, yana da shekara 63, bai bar ɗa namiji ba.

Idan ka tsaya gaban hoton Daulat Rao, jikan ɗan'uwansa da ya gaje shi yana ɗan shekara 14 ko kusa da haka, ka tuna cewa rundunar da ya gada tana da rauni ɗaya da Mahadji bai toshe ba: manyan hafsoshinta Turawa ne. Da yaƙi ya tashi a 1803 Kamfanin Ingila ya yi shelar zai karɓi duk hafsan da ya bar aikin Maratha, da yawa suka tafi, Janar Perron da ya gaji de Boigne ya miƙa kansa. Dakarun sun yi faɗa na gaske a Assaye da Laswari, amma kafin shekarar ta ƙare Delhi, Agra da gundumomin albashin duk sun koma hannun Turawa.

Ga baƙo Musulmi, wurin ba shi da wahala. Za ka iya ganin harabar da zauren ba tare da ka shiga ƙuryar bautar ba, idan kuma aka miƙo maka ɗan zaƙin da suke rabawa ko za a ɗiga maka jan launi a goshi, haɗa hannu da girgiza kai cikin ladabi ya wadatar, ba mai jin haushi. Mahadji mabiyin Krishna ne na gaske, ɗaya daga cikin allolin Hindu, har ya karɓo wa mutanensa umarnin hana yanka shanu daga Shah Alam, amma yana da shehi Basufe, Mansur Shah, wanda gidan Scindia ke halartar bikin tunawa da shi a Gwalior duk shekara. Da masu kula da wurin za su kafa allo ɗaya da taswirar Panipat, Delhi, Vadgaon, Lalsot da Merta, da sunayen mutanen nan, da darajar ziyarar ta ninka.

Akwai motar zagayen gari ta hukumar sufurin birnin, PMPML, mai suna Pune Darshan, tana tashi da safe ta dawo da yamma, kuma Shinde Chhatri yakan shiga jerin wuraren da take tsayawa. Tana da araha da sanyin na'ura, ta dace da wanda kwana ɗaya kawai yake da shi. Ga mai bin sawun Mahadji ba ta dace ba, don wurare fiye da 10 a yini ɗaya na nufin mintuna kaɗan a kowane, kuma ba kai ke zaɓar sa'ar da za ka iso zauren ba. Gara ka tsara naka. Fara da Wanowrie da safe. Daga nan ka wuce Shaniwar Wada, fadar da Baji Rao ya gama a 1732, gobara ta cinye ta a 1828, abin da ya rage katanga ce da ƙofofi da harsashin gini, sai ƙofar Delhi mai tsinin ƙarfe don hana giwa tunkuɗa ta. Ɗan ƙasar waje yana biyan rupi 300 a can, kuma minti 45 ya isa. Gidan Nana Fadnavis yana bayanta, tafiyar ƙafa. Lokacin bikin Ganesh, a Agusta ko Satumba, ana rufe titunan wannan yanki, kada ka sa rai mota ta kai ka ƙofa.

Vadgaon tana buƙatar rabin yini nata. Ka hau jirgin unguwa na layin Lonavala daga tashar Pune ko Shivajinagar, tafiyar kusan sa'a ɗaya, tashar tana bin Talegaon kai tsaye. Duba allon jirgin da kyau, wasu a Talegaon suke ƙarewa. Idan mota za ka ɗauka, ka ce Vadgaon Maval, domin akwai Vadgaon Sheri da Vadgaon Budruk a cikin Pune, direba zai kai ka mafi kusa da shi. Abin gani a garin kaɗan ne, ginshiƙin tunawa da nasarar da mutum-mutumin Mahadji, amma daga tagar jirgi za ka ga kwarin da tsaunuka suka matse ta dama da hagu, ka gane dalilin da ya sa rundunar da ke jan shanu ba ta da wurin gudu.

Babu abin ci na kirki a cikin harabar Shinde Chhatri, ka zo da ruwanka. Don abincin rana, Kondhwa tana maƙwabtaka da Wanowrie, unguwa ce mai Musulmi da yawa da ɗaliban Afirka, masallatai da gidajen abincin halal suna ko'ina, musamman wajen Kausar Baugh. Ka ce a rage yaji tun wajen yin oda, don bayan an zubo biriyani babu gyara.